Ranar da Musaddiƙ Ya Tsare Surukinsa

Ni aikina gyaran babur ne a bakin tashar Gwiwa, karatuna kuma bai wuce firamare ba. Ƙwallon kwando a Kazaure na koye ta, lokacin da nake koyon gyara. A bayan garejinmu akwai fili mai siminti, wani malamin motsa jiki da ake kira Bartholomew yana tara matasa a wurin bayan la'asar. Shekara uku ina zuwa. Ban zama gwani ba, gaskiya, jifana ma sai a hankali. Amma na riƙe dokokin wasan, na kuma iya tsare mutum.

Da na dawo gida sai na rasa abin yi da yamma. Na ɗauki tsofaffin rim ɗin tayar babur guda biyu, na zare wayoyin cikinsu, mai walda ya liƙa min su a jikin allon ƙarfe, muka kafa su a matsayin kwanduna a wani fegi da ke bayan kasuwa. Bayan an gama girbin gero mutum bakwai suka tsaya min sosai. Babu wanda ya taɓa riƙe irin wannan ƙwallon a cikinsu kafin nan. Suna kirana Koci. Sunan yana min nauyi, amma na ƙyale su.

Jefawa a kwando kowa yana so. Tsaro ne babu mai so, wanda ma yake so bai san yadda ake yi ba. Akwai Daudu, wani Bafulatani mai faɗin ƙirji, wanda duk kaka sai ya kayar da mutum huɗu ko biyar a dandalin kokawa. Ranar farko na ce ya tsare wanda yake zuwa da ƙwallo, sai kawai ya rungume shi ya ɗaga shi sama.

Na ce, "Sauke shi, Daudu. Ka riƙe mutum, laifi ne. Ka ture shi, laifi ne. Ka mari hannunsa, laifi ne. In ka tara biyar ka koma gefe ka zama ɗan kallo."

Ya ce, "To da me zan tsare shi, Koci? Da addu'a?"

"Da ƙafa. Ka riga shi isa inda zai bi, ka tsaya. In ka riga shi kafa ƙafafunka, ya zo ya banke ka a ƙirji, laifin nasa ne, ba naka ba."

"Wato ni in tsaya a kayar da ni, kuma a ce na yi nasara?"

"Haka dokar take."

Ya girgiza kai ya ce wanda ya tsara wasan nan bai taɓa zuwa Gwiwa ba.

Abu na biyu da ya dame su shi ne ruɗewa. Da zarar mutum biyu sun matse ɗayansu, sai ya runtse ido ya wurga ƙwallon duk inda ta ga dama. Sau biyu tana faɗawa rumfar mai shayi. Sai na roƙi abokaina 'yan acaɓa su riƙa kewaye fegin da baburansu suna danna hon, mu kuwa muna wasa a tsakiyar ƙarar. Ina gaya musu, in an matse ka, ka riƙe ta da hannu biyu, ka kafa ƙafa ɗaya, ka juya a kanta, ka ja numfashi. Doka ta ba ka daƙiƙa biyar, biyar kuwa ta isa a yi sallama a amsa. Kuma in mutum biyu suna kanka, akwai ɗan'uwanka guda da babu kowa a kansa, ka neme shi.

Wanda ya fi kowa ɗaukar karatun shi ne Musaddiƙ. Tela ne, shagonsa yana kallon garejina, mutum ne marar hayaniya. Ƙafafunsa sun saba da keken ɗinki, ko shi ya sa suke da sauri haka, ban sani ba. Idan ya tsaya a gabanka kamar inuwarka ce, ka yi dama yana nan, ka yi hagu yana nan, kuma ba zai taɓa ka ba. Shi ne farkon zuwa fili, shi yake share tsakuwa. Wata huɗu ke nan da ya auri wata yarinya 'yar Roni, sunanta Asma'u.

Wata rana Bartholomew ya kira ni a waya. An mayar da shi aiki Roni, malaman makaranta na can suna da ƙungiya, suna so mu je mu gwada ranar Asabar, shi zai riƙe usur. Ya ce, "Ashiru, ka shirya wa mutum ɗaya. Akwai wani Malam Dunoma, ya haura arba'in amma hannunsa bai tsufa ba. In kun bar shi, shi kaɗai ya ishe ku."

Da yamma na faɗa wa jama'a, kowa ya hau murna. Na ce Musaddiƙ ne zai tsare wannan Malam Dunoma. Sai na ga Musaddiƙ ya tafi gida da wuri.

Da safe ya tsallako garejina, ya tsuguna kusa da babur ɗin da nake kwancewa, ya daɗe yana wasa da sifana.

"Koci, ni zan bar ƙwallon nan."

"Ka ji ciwo ne?"

"A'a. Wannan Malam ɗin da ka faɗa, ƙanin mahaifin iyalina ne. Shi ya ba ni aurenta da bakinsa." Ko sunan bai iya kamawa ba. "Yaya za a yi in tsaya a gabansa in tare masa hanya, mutanen garinsu suna kallo? Gobe a ce mijin Asma'u ba shi da kunya. In kuma na je na kauce masa, na cuce ku. Gara in haƙura da ita gaba ɗaya, kowa ya huta."

Yana maganar idonsa yana kan ƙwallon da take rataye a raga a jikin rumfata. Na san abin da yake ji. Ni ma da a ce surukina ne, ban san yadda zan yi ba. Na ce, "To ba kai za ka tsare shi ba, Daudu ne. Kai ka kama wani. Ka zo kawai."

"In ya biyo ta wajena fa?"

"Filin yana da faɗi."

Ya ce zai je wannan karon saboda kada a rasa na canji, amma in abin ya ƙi, ya gama ke nan. Na tambaye shi ko ya gaya wa Asma'u. Ya ce ya gaya mata, dariya ta yi har ta zauna, ta ce ita ma za ta je ta ga gida, ta kuma ga wannan abin.

Ranar Asabar muka tafi a kan babura huɗu, bayan azahar. Filinsu na siminti ne, da farin layi, kwandunan har da raga. Ɗalibai da mutanen gari sun kewaye shi, mata suna gefe guda a inuwar darbejiya, Asma'u a cikinsu. Malam Dunoma dogo ne, siriri, da furfura kaɗan a gemu, ya saka dogon wandon wasa mai igiya a ƙugu. Tun daga nesa Musaddiƙ ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, ya je ya rusuna can gefe, kansa a ƙasa.

"Baba, barka da yamma."

"Barka kadai, ango. Ya hanya? Ya mutanen gida? Ashe da kai aka zo." Ya dubi takalman da ke hannunsa ya yi murmushi. "Mayar da su, simintin nan da zafi."

Bartholomew ya busa usur aka fara. Minti na farko Malam Dunoma ya karɓi ƙwallo ya nufi kwando, Daudu ya damƙi rigarsa ta baya. Usur.

Malam Dunoma ya juyo ya ce, "Bafulatani, ni ba saniya ba ce da za ka kama min wutsiya."

Daudu ya ce, "Ai Babarbare in ba a riƙe shi ba gudu yake, tun kakanni haka muka san ku."

Aka yi dariya, har da alƙalin wasa. Amma laifi ɗaya ya shiga. Kafin a je hutun rabin lokaci Daudu ya tara huɗu. Ba mugunta ba ce, hannunsa ne yake riga tunaninsa.

Malaman nan kuma sun san wasa. Ɗayansu yakan zo ya tsaya a hanyar Daudu kamar turke, Malam Dunoma ya zagaye shi, sai ya ɓullo ta wajen Musaddiƙ. Karon farko da haka ta faru, Musaddiƙ ya ja da baya, ya haɗe hannuwansa a gaba, ya ba shi hanya kamar a ƙofar masallaci. Malam Dunoma ya wuce ya zura. Karo na biyu har na ji ya ce, "Bismilla, Baba."

'Yan kallo suka gano abin. Duk sanda Malam Dunoma ya taɓa ƙwallo sai ɗalibai su ɗauka, "Ango, ba da hanya. Ango, ba da hanya." Musaddiƙ ya rikice gaba ɗaya. Aka miƙa masa ƙwallo, mutum biyu suka matse shi, ya runtse ido ya wurga ta cikin 'yan kallo, abin da ya daina tun makonni. Aka tafi hutu suna da maki ashirin da shida, mu goma sha biyu.

Muka zauna a gefe muna shan ruwa. Musaddiƙ ya zauna nesa da mu yana kwance igiyar takalminsa. Na je na zauna kusa da shi. Daudu saura masa laifi ɗaya ya fita, 'yan canjinmu biyu kuwa ko gudu da baya ba su gama iyawa ba.

Ya ce, "Ka gani ko, Koci? Na kauce ma dariya ake. Da na tare shi, zagi za a yi."

Ina kallon hannunsa a kan takalmin sai na tuna yadda ya gaida surukinsa ɗazu. Na ce, "Tashi ka nuna min yadda kake gaida shi a gida."

"Yanzu?"

"Yanzu. Ka ɗauka ni ne shi."

Ya tashi ba da son ransa ba. Ya lanƙwasa gwiwoyi, ya sauke ƙugu, ya ɗan sunkuya, idonsa a ƙasa.

"Kada ka kai ƙasa. Tsaya nan. Buɗe ƙafafun kaɗan. Yanzu ware hannuwanka." Ya ware. Na ce, "Wata uku ina fama da Daudu ya yi wannan tsayuwar bai yi ba. Ita ce tsayuwar mai tsaro. Ka taɓa kallon fuskarsa in kuna magana?"

"Haba, Koci."

"To kada ka fara yau. Mai tsaro ba ya kallon fuska, fuska tana yaudara, ƙwallo ma tana yaudara. Igiyar wandonsa za ka kalla. Inda ta yi, nan zai yi. Ka taɓa kai masa hannu?"

"Allah ya kiyaye."

"Doka ma ta hana ka. Ka rusuna masa, ka sunkuyar da kai, kada ka taɓa shi. Wanne ne rashin kunya a ciki?"

Yana nan dai a rusune. Ya ce, "Hanyar fa da zan tare?"

Ban yi masa ƙarya ba. Na ce, "Ita kam sai ka tare. Abin da zai ce, ban sani ba. Amma in sun fara waƙarsu, ka ɗauka hon ɗin 'yan acaɓa ne. Ka ja numfashi, ka saurari ƙarar ƙwallon a siminti kawai."

Daudu ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "In ya yi fushi ka ce ni na sa ka. Ni da shi dama ba a shiga tsakaninmu."

Musaddiƙ ya sunkuya ya ɗaure igiyar takalminsa.

Aka dawo. Malam Dunoma ya karɓi ƙwallo a tsakiyar fili, Musaddiƙ ya je gabansa ya rusuna, hannu a ware, kai a ƙasa. Na ji ya ce a hankali, "Sannu, Baba."

Malam Dunoma ya ce, "Yauwa, sannu," ya yi dama. Musaddiƙ yana nan. Ya yi hagu. Yana nan. Ya ɗaga kafaɗa da ido kamar zai jefa, irin abin da ya sa Daudu tsalle sau uku a banza, amma Musaddiƙ bai gani ba, don ba can yake kallo ba. Dole ya miƙa wa wani. Wancan ya jefa ta ƙi shiga.

Ɗalibai suka ɗauki waƙarsu, suka yi ta har sau uku, da suka ga ango bai motsa ba sai ta mutu a bakinsu. Daga inuwar darbejiya na jiyo guɗa guda ɗaya, gajera, kamar mai ita ta tuna a inda take ta kama bakinta.

Muka fara cin namu. Aka sake matse Musaddiƙ a kusurwa, mutum biyu. Na ga ƙirjinsa ya ɗaga ya sauka, ya juya a kan ƙafa ɗaya, ya hango Daudu shi kaɗai a ƙarƙashin kwando yana ɗaga hannu kamar mai tare mota. Ya ba shi, Daudu ya zura, ya zagaya filin yana gaya wa Barebari su zo su koyi wasa. Saura minti biyu a tashi, suna da talatin da takwas, muna da talatin da huɗu. Tun da aka dawo hutu sau ɗaya kawai Malam Dunoma ya ci.

Sai ya ƙudura. Ya karɓi ƙwallo ya sunkuyar da kafaɗa ya taho da gudu ta tsakiya. Musaddiƙ ya ja da baya taku biyu, ya riga shi isa, ya kafa ƙafafunsa. Malam Dunoma ya banke shi a ƙirji, Musaddiƙ ya faɗi zaune a siminti.

Bartholomew ya busa usur, ya nuna Malam Dunoma. Laifin mai kai hari, ƙwallo ta Gwiwa ce.

Musaddiƙ ya miƙe da sauri, ya bi Bartholomew.

"Malam, don Allah, laifina ne. Ni na shiga gabansa."

"Ka riga shi tsayawa. Nasa ne."

"A'a, ka duba dai. Ka rubuta min shi, ina da wuri, ko ɗaya ban yi ba."

Bartholomew ya cire usur daga bakinsa ya ce, "Shekara goma sha biyar ina busa wannan abin, ban taɓa ganin mai roƙon laifi ba. Ba a bayar da shi kyauta, Musaddiƙ."

Malam Dunoma yana tsaye, hannu a ƙugu, yana haki. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya tako har inda suke. Musaddiƙ ya durƙusa, wannan karon har ƙasa.

"Baba, a yi haƙuri."

"Ka ji ciwo?"

"A'a, Baba."

"Ni na ji. Ƙirjin nan naka kamar ƙyauren shago." Ya kama hannunsa ya ɗaga shi, ya karkaɗe masa bayan riga da kansa. Sannan ya ɗaga murya yadda na gefe za su ji. "Ɗazu da kake kauce min, har na fara tunani. Na ce yaron nan da na ba wa 'yata, in akuya ta shigo gida za ta ci mata tsaba, ita ma bismilla zai ce mata? Yanzu hankalina ya kwanta. Koma wurinka, kada ka sake ba ni hanya."

Dariya ta ɓarke ko'ina, har da tafi. Daudu ya ce, "Ka ji Babarbare, an kayar da shi a doka ya mayar da abin wa'azi."

Malam Dunoma ya ce, "Kai kuma saura maka ɗaya, ka iya bakinka."

Ba mu ci wasan ba. An tashi arba'in da talatin da takwas, ni na zubar da jifan ƙarshe, na shiga ne bayan Daudu ya cika na biyar ɗinsa. Babu wanda ya damu. Mutanenmu suna ta rungumar juna kamar mun ɗauko kofi.

Malam Dunoma ya ce babu mai tafiya sai an ci abinci. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaurensa, aka kawo dambu da zogale a babban faranti, da kunun aya mai sanyi. Kowa ya sa hannu ban da Musaddiƙ. Ya zauna can bakin ƙofa, ya ba farantin gefe, wai ya ƙoshi. Cikinsa kuwa har ni ina jin kukansa.

Daudu ya ce, "Mutumin da ka hana shi motsi rabin awa, yanzu dambu ne ba za ka iya ci a gabansa ba?"

Musaddiƙ ya ce a hankali, "Wancan fili ne."

Malam Dunoma ya yi kamar bai ji ba. Ya ɗan ci loma biyu, ya wanke hannu, ya ce bari ya shiga ciki ya ga Asma'u, tun da ta zo ba su gaisa sosai ba. A bakin ƙofar cikin gida ya tsaya, bai juyo ba, ya ce, "Koci, mako biyu masu zuwa mu za mu zo muku. A share fili." Ya shige, ya kuma daɗe bai fito ba. Musaddiƙ ya matso ya ci dambu har ya fi Daudu.

Asma'u za ta kwana biyu a gida, don haka ni na goyo Musaddiƙ a babur. Rana ta yi sanyi, muna tafe a hankali saboda ramuka, shanu suna komowa daga kiwo. Sai da muka kusa shiga Gwiwa ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Koci, akwai wani abu da Baba yake yi. Yakan yi kamar zai yi dama, sai ya juya da baya ya fita ta hagu. Sau ɗayan nan da ya wuce ni, haka ya yi. Wace ƙafar zan fara ɗagawa?"

Na ce ta hagu, amma abin ba ya faɗuwa a kan babur, ya zo gobe da wuri in nuna masa.